Bertha Benz, Matar Da Ta Koya Wa Mota Hawan Tudu

 Yau za mu leƙa ƙasar Jamus ne, mu ji tarihin wata mata wadda ta rasu tun cikin 1944, amma har gobe duk wadda ta shiga mota tana cin moriyar aikinta ko da ba ta sani ba.

Babu wadda ba ta san motar nan da muke kira Marsandi ba. Cikakken sunanta shi ne Mercedes-Benz, kuma Benz ɗin nan sunan wani Bajamushe ne, Carl Benz, wanda ya ƙera mota ta farko mai aiki da fetur da aka yi wa rajista. Maza da yawa sun san wannan. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, da kuɗin matarsa Bertha aka tsai da masana'antar tun farko, kuma ita ce ta fara yin doguwar tafiya da motar, ta gyara ta a kan hanya da hannunta, sa'an nan ta komo gida ta gaya wa mai ita abin da ya rage masa ya ƙara mata.

Asalinta da aurenta

An haifi Bertha Ringer ran 3 ga watan Mayu 1849 a garin Pforzheim, cikin ƙasar Baden da ke kudu maso yammacin Jamus. Garin ya yi suna wajen ƙirar zinariya da agogo. Mahaifinta kafinta ne mai harkar gine-gine, yana kuwa da rufin asiri daidai gwargwado. Su tara ne a wurin iyayensu, ita ce ta uku. Ta yi karatu irin wanda akan bar 'yan mata su yi a lokacin, amma maganar shiga jami'a ba ta taso ba, domin sai a 1900 ne ƙasar Baden ta buɗe wa mata ƙofar jami'o'inta, ita ce ma ta riga sauran ƙasashen Jamus.

Saurayin da ta zaɓa, watau Carl Benz, ba ɗan masu kuɗi ba ne. An haife shi a 1844, ubansa direban jirgin ƙasa ne wanda ya rasu ya bar shi yana ɗan shekara 2, uwarsa ce ta yi ta fama har ya yi karatun injiniya a Karlsruhe. A 1871 ya haɗa jari da wani mutum mai suna August Ritter, suka buɗe wurin ƙira da aikin ƙarfe a birnin Mannheim. Tafiya ba ta yi nisa ba aka ga abokin nan ba na dogara ba ne, sana'a ta soma tangal-tangal.

To, a al'adar Turawan wancan zamani, uba yakan ware wa 'yarsa wasu kuɗi da za ta shiga gidan miji da su, kamar dai yadda iyaye a nan kan yi wa 'ya kayan ɗaki da gara. Bertha ta nemi a ba ta nata tun kafin biki, ta saye rabon Ritter da su, wurin ya zama na Carl shi kaɗai. Ku lura da hikimar da ke cikin wannan. A dokar wancan lokaci, da zarar mace ta yi aure, dukiyarta takan koma ƙarƙashin kulawar mijinta, ba ta da ikon juya ta yadda take so. Saboda haka ta yi abinta tun tana da ikon yi. Aka ɗaura aurensu ran 20 ga watan Yuli 1872.

Shekarun wahala

Kada ku ɗauka daga nan sai jin daɗi. Shekarun farko na auren nan na talauci ne, har ta kai ga an riƙe kayan aikin Carl saboda bashi. Ga 'ya'ya suna zuwa: Eugen a 1873, Richard a 1874, Clara a 1877, Thilde a 1882, sai auta Ellen a 1890. Shi kuwa maigida hankalinsa duk yana kan abu guda, watau ya ƙera injin da zai ja keke ba tare da doki ba. Ɗan abin da aka samu sai ya tafi wajen sayen ƙarfe da kayan gwaji.

Bertha ba ta tsaya a ɗaki tana jiran a kawo mata labari ba. Takan shiga wurin aikin, ta ga yadda ake haɗa wannan da wancan, ta yi tambaya, ta kama masa abin da ya kamata a kama. A haka ta san hanyar da mai ke bi ya isa injin, da inda wuta ke fitowa, da abin da kan sa injin ya mutu. Ba wanda ya ba ta takardar shaida, amma wannan zama da ta yi shi ne makarantarta ta kanikanci.

A daren ƙarshe na shekarar 1879, bayan sun ci abinci, ita ce ta matsa masa su koma wurin aikin su sake gwada wani injin da ya daɗe yana ƙin tashi. Suka je, injin kuwa ya tashi. Daga nan al'amura suka soma sauƙi. A 1883 aka kafa kamfanin Benz & Cie, mai ƙera injunan masana'antu, ya soma kawo riba. Ran 29 ga watan Janairu 1886 Carl ya shigar da takardun rajistar motarsa, aka ba ta lamba 37435. Ƙafafunta uku ne, biyu a baya ɗaya a gaba, injin yana baya, kuma da wata 'yar sanda ake juya ta maimakon sitiyari.

Sai dai fa ƙera abu daban, sayar da shi daban. Mutane suka ɗauki motar abin wasa, wasu suna dariya, wasu suna tsoron ƙararta da warinta. Carl mutum ne mai son ya ga abu ya kammala sarai kafin ya nuna shi, kullum yana cikin gyare-gyare, ba ya wuce ɗan zagaye a kusa da gari. Shekara biyu suka wuce babu ciniki na kirki. Bertha ta ga in aka ci gaba a haka, kuɗinta da wahalar shekara goma sha shida za su tafi a banza. Ta san mutane ba za su sayi abin da ba su ga amfaninsa da idonsu ba, gani kuwa ya kori ji.

Tafiyar Pforzheim

A farkon watan Agusta 1888, lokacin tana da shekara 39, ta shirya da 'ya'yanta maza biyu, Eugen mai shekara 15 da Richard mai shekara 13, za su tafi ganin mahaifiyarta a Pforzheim. Da asuba, maigida yana barci, ta rubuta masa 'yar takarda ta ajiye cewa sun tafi ganin gida. Suka turo motar, wadda ita ce samfuri na uku da ya ƙera, suka yi nesa da gida kafin su tada injin don kada ƙara ta tashe shi.

Tsakanin Mannheim da Pforzheim ta hanyar da suka bi wajen kilomita 106 ne, watau mil 66, ya ɗara nisan Kaduna zuwa Zariya. A yau wannan ba komai ba ne. Amma ku tuna a lokacin babu kwalta, sai hanyar keken doki mai ƙura da duwatsu. Babu gidan mai ko ɗaya a duniya, babu gareji, babu bakanike, babu kuma wanda ya taɓa yin irin wannan tafiya balle a tambaye shi. Ƙarfin injin bai wuce na doki biyu ba, gudun motar kuwa in ta sami hanya mai kyau wajen kilomita 16 ne a awa.

Matsala ta farko ita ce mai. Motar ba ta da tanki, abin da kafireto ke ɗauka kawai take tafiya da shi, wajen lita huɗu da rabi, kusan galan guda. A lokacin akan sami wani irin farin mai dangin fetur, wanda ake kira ligroin, a kantin magani, mata suna saye suna cire tabo daga tufafi da shi. Da suka isa garin Wiesloch sai Bertha ta shiga kemis ta saya, suka zuba. Saboda haka ne ake kiran kantin maganin nan gidan mai na farko a duniya. Ban da mai kuma ga ruwa. Injin yana sanyaya ne ta hanyar ƙone ruwa ya zama tururi, don haka duk inda suka ga rijiya ko rafi sai sun tsaya sun ƙara.

Can a hanya mota ta soma shaƙewa, mai ya ƙi isa injin. Bertha ta duba ta gane bututun man ne ya toshe. Sai ta zare dogon tsinken ƙarfe da matan Turawa kan kafe malafa da shi a gashin kai, ta zura ta share dattin, mai ya wuce. Da aka ƙara gaba, wayar wuta ta goge har rufinta ya cinye, wuta ta daina isa inda ya kamata. Ta kwance maɗaurin safarta ta naɗe wayar da shi, injin ya tashi. Sarƙar da ke juya ƙafafun baya ita ma ta ba da wahala, suka nemi wani maƙeri a Bruchsal ya taimaka aka gyara. Ku duba fa, babu wani abu a cikin waɗannan da ya fi ƙarfin mace. Abin da ya taimake ta shi ne ta san aikin kowane ƙarfe, saboda haka in mota ta tsaya ta san inda za ta fara dubawa.

Inda gizo ke saƙa

Muddin suna cikin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ta kwarin Kogin Rhine, tafiya tana yiwuwa. Amma Pforzheim tana bakin tsaunukan da ake kira Baƙin Daji, sai an hau tudu bayan tudu kafin a isa. A nan ne babban aibin motar ya fito fili. Giyarta biyu ce kawai, kuma ko ta ƙasan ba ta da ƙarfin da za ta hau da mutum uku. Da an soma hawa sai injin ya yi ta nishi, gudu ya ragu, daga nan ya nemi mutuwa. Dole a sauka a yi ta turi, ga gajiya ga rana tana faɗuwa.

Bari mu ɗan tsaya a nan mu fahimci mece ce giyar mota, domin 'yan makaranta da ke karanta wannan fili, da kuma iyayensu da ke jin direba yana cewa ya sa lamba ɗaya ko lamba biyu.

Duk wadda ke da keken ɗinki na ƙafa ta riga ta ga giya da idonta. Ku dubi babbar ƙafar nan da ke ƙasa wadda kuke juyawa da taku, da ƙaramar da ke sama kusa da hannu, da igiyar fata da ta haɗa su. In babbar ta juya sau ɗaya, ƙaramar takan juya sau da yawa, shi ya sa allura ke gudu alhali ƙafarku a hankali take tafiya. To, amma abin da aka samu na sauri an biya shi da ƙarfi. Shi ya sa in kun zo kan kauri, kamar inda yadi ya ninku huɗu, keken kan cije sai kun taimaka masa da hannu.

Yanzu ku juya abin. A ce ƙaramar ce ke jan babbar. Ɗauki faifai biyu masu haƙora da suka cije juna, na jikin injin yana da haƙori 10, wanda yake ja yana da 30. Sai na farkon ya zagaya sau uku kafin na biyun ya zagaya sau ɗaya. Gudu ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku, amma ƙarfin juyawa ya ninka kusan sau uku. Wannan ita ce ƙaramar giya, watau lamba ɗaya, wadda ake tashi da ita, ake kuma hawan tudu da ita. In kuwa faifan biyu girmansu ɗaya ne, juyi ɗaya na injin shi ne juyi ɗaya na wancan, sai a sami gudu amma ƙarfin ja ya ragu. Wannan ita ce babbar giya ta miƙaƙƙiyar hanya.

Injin kuma yana da wani hali. Ba ya ba da ƙarfinsa sai yana juyawa da sauri daidai gwargwado. In tudu ya danne ƙafafun mota suka rage juyawa, kuma babu ƙaramar giya a tsakani, sai su ja injin shi ma ya rage, ƙarfinsa ya faɗi a daidai lokacin da aka fi bukatarsa, daga nan ya mutu. Ƙaramar giya ita ke barin injin ya ci gaba da juyawa da saurinsa alhali ƙafafu suna tafiya a hankali. Motar Benz da bel na fata da sarƙoƙi take kai ƙarfin injin zuwa ƙafafu, kusan irin na keken ɗinkin nan, amma lissafin duk ɗaya ne.

Wannan lissafi bai canja ba har yau. Yaron gareji da aka ba tsohuwar mota aka ce ya canja mata giya, abin da ubangidansa zai fara sa shi shi ne ya ƙirga haƙoran faifan da zai cire da na wanda zai sa, ya raba babba da ƙarami, ya san abin da zai samu da abin da zai rasa. In ya ƙara mata ƙarfin ja, za ta hau tudu da kaya, amma a miƙaƙƙiyar hanya injin zai yi ta kuka yana shan mai. In ya ƙara mata gudu, za ta yi laushi a doguwar tafiya, amma ta yi nauyin tashi. Ba a samun duka biyu a faifai guda, shi ya sa ake jera giya da yawa a akwati ɗaya. Carl Benz ya san wannan lissafi sarai, injiniya ne. Abin da bai sani ba shi ne irin tudun da motarsa za ta tarar, domin a Mannheim yake gwajinsa, inda ƙasa take a shimfiɗe. Matarsa ce ta je ta turo motar da kafaɗarta ta gano masa.

Isa da komowa

Sai bayan faɗuwar rana suka shiga Pforzheim, sun yi buɗu-buɗu da ƙura. Nan da nan Bertha ta buga wa mijinta waya ta gidan tangaraho cewa sun sauka lafiya. Bayan 'yan kwanaki suka kamo hanyar gida, amma ta wata hanya dabam wadda ta ɗan fi gajarta.

Abin da aka hau da turi, da birki ake saukarsa. Birkin motar kuwa guntayen katako ne da ke danne ƙafa, gangara ta cinye su. A ƙauyen Bauschlott Bertha ta tsaya wurin wani mai gyaran takalma, ta sa ya buga wa katakon fata da ƙusa, birki ya koma kamawa. Wannan dabara ta sa wa birki wani abu a fuska wanda zai riƙa cinyewa ana sakewa, ita ce ake bi har yanzu, ko da yake ba da fata ake yi ba.

Da suka iso gida ta zayyana wa mijinta duk abin da ya faru, ɗaya bayan ɗaya, ba ta ɓoye aibin motar don ta faranta masa rai ba. Babbar shawararta ita ce a ƙara wata giya ta ƙasa domin hawan tudu. Carl ya karɓa, ya ƙara, ya kuma gyara birki. Labarin matar da ta ratsa garuruwa da keke marar doki ya bazu. A watan Satumba na wannan shekara ya kai motar wani babban baje koli a birnin Munich, aka ba shi lambar zinariya. Wani Bafaranshe mai suna Emile Roger ya riƙa sayar da motocin a Faris. A 1893 Carl ya fito da mota mai ƙafa huɗu, a 1894 kuma ya fito da wata ƙarama mai suna Velo wadda aka ƙera fiye da dubu. Kafin shekarar 1900 ta ƙare, babu kamfanin da ya kai na Benz yawan ƙera motoci a duniya.

Ƙarshen rayuwarta

Daga baya iyalin suka koma garin Ladenburg kusa da Mannheim, inda Carl ya kafa wani kamfani tare da 'ya'yansa maza a 1906. A 1926 tsohon kamfanin Benz ya haɗu da na Daimler, suka sa wa motocinsu suna Mercedes-Benz. Ita Mercedes ɗin ma sunan mace ne, 'yar wani attajiri Emil Jellinek da ke sayar da motocin Daimler. Daga nan ne muka sami kalmar Marsandi.

Carl ya rasu ran 4 ga watan Afrilu 1929, bayan sun yi kusan shekara 57 tare. A littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 1925, ya shaida cewa a lokacin da kowa ya juya masa baya matarsa ce kaɗai ta tsaya tare da shi. Bertha ta ƙara shekara 15 a bayansa. Ranar da ta cika shekara 95, babbar makarantar fasaha ta Karlsruhe, inda mijinta ya yi karatu, ta ba ta muƙamin girmamawa. Bayan kwana biyu, ran 5 ga watan Mayu 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ta rasu a gidanta a Ladenburg. A 2008 aka sa wa hanyar da ta bi sunanta, zuwa da dawowa kilomita 194, aka kafa alamu domin masu son bin sawunta.

Abin lura

Wata za ta ce, ai matar nan fita ta yi ba da sanin mijinta ba. Gaskiya ne, kuma ba wannan ne abin koyi a labarin ba, domin da wani abu ya sami yaran a hanya da labarin ya sha bamban. Abin dubawa shi ne abin da ya sa ta iya komowa da su lafiya, da abin da ta komo da shi.

Matan aure, Bertha ta san sana'ar da ake ci da ita a gidanta ciki da waje. Ta san inda kuɗinta suka shiga, ta bi sawunsu, kuma da ta ga aibi ta faɗa a inda zai yi amfani. Mace nawa ce a cikinmu za ta iya faɗin yadda sana'ar maigidanta ke tafiya, ko ta riƙe ta mako guda in ya kwanta ciwo? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hannun da zai taimaka sai ya san inda zai kama.

Ku kuma 'yan makaranta, Bertha ba ta sami damar shiga jami'a ba, ku kuwa ga ta a gabanku. Kada wadda ta ce muku lissafi da kimiyya da aikin ƙarfe na maza ne. Ku fara da abin da ke cikin gida. In keken ɗinki ya cije, ku buɗe ku duba kafin a kira mai gyara. Ku juya babbar ƙafar sau ɗaya, ku ƙirga sau nawa ƙaramar ta juya, ku rubuta. In kun shiga mota aka zo tudu, ku saurari yadda kukan injin ke canjawa sa'ad da direba ya komo ƙaramar giya, ku tambaye shi dalili. Wadda ta saba da irin wannan tambaya tun tana ƙarama, ba za ta tsaya tana kallo ba ranar da abu ya lalace a hannunta.